Fuskokin da Yohanna Ya Bari a Bango

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka binne ƙanena, wanda Kafanchan ta sani da Yohanna Fenta. Ban yi makaranta ba. Jikata ce ke rubuta wannan, kuma sai ta karanta mini kafin ya fita, don kada ta ƙara gishirin da ban zuba ba.

Yana saurayi ya yi leburanci wurin wasu Turawan Italiya masu shimfiɗa kwalta. Da za su tashi, wani tsoho a cikinsu ya ba shi kwalin karta. Ba irin wadda ake bugawa a tasha ba ce. Kowace da hotonta: mace ta kama bakin zaki da hannu biyu, mutum a rataye da ƙafa ɗaya kansa a ƙasa, hasumiyar da aradu ta fasa, ƙwarangwal riƙe da lauje, wani sakarai da ƙunshi a kafaɗa kare na yaga masa wando. Sunanta Tarot, in ji Yohanna. Ranar da na gan su na ce ya jefa su a masai. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, wasa ne fa. Tsohon ya ce attajiran ƙasarsu ne suka fara sa masu zane su yi musu, suna bugawa don nishaɗi. Daga baya 'yan duba suka ɗauka suka mai da su sana'a." Na ce masa wuƙa ma don fere doya aka ƙera ta.

Tun daga ranar na sa masa ido. Ban taɓa kama shi yana duba ba, kuma ba don ban nema ba. Abin da na gani shi ne, yakan jingina karta ɗaya a jikin gwangwanin fenti ya yi ta kwaikwaya. Matar nan mai zaki, ya zana ta a bayan wata motar citta mai zuwa Kachia. Direbobi suna cewa ƙarfi take nufi, shi kuwa ya ce haƙuri ne, a dubi hannunta, ko sanda babu. Ni dai na ce biri ya yi kama da mutum.

Da ƙauyenmu, can bayan Madakiya, ya gina sabuwar majami'a, dattawa suka ba shi bangon gaba. Ya zana mala'ika cikin gajimare yana busa ƙaho, matattu suna fitowa daga kaburbura. Kallo ɗaya na gane inda ya samo shi. Na tare shi a kan tsani na ce, "Wannan daga kwalin nan ne." Bai ko waiwayo ba ya ce, "Su ma daga Littafi Mai Tsarki suka ɗauko, Yaya. Mayarwa na yi."

A kartar mutum uku ne ke tashi. Shi ya cika bangon, kuma kowane da fuskar wani namu da ya riga mu. Ga uwarmu da tsagar kumatunta, wadda har ta mutu ba ta tsaya gaban mai hoto ba. Ga ɗana Istifanus, wanda ya tafi gona a wata shekarar rikici aka dawo mini da shi a cikin tabarma. Hotunansa sun ƙone tare da ɗakinmu. Da ka Yohanna ya zana shi, har wushiryarsa. In na rasa bangon nan, ba inda zan sake ganin fuskar ɗana.

To, bana matasa sun ga kartar mai ƙaho a waya, a hannun wata mace da ke watsa karta a tebur tana gaya wa mutane wanda za su aura. Suka kai wa dattawa. Aka ce tsafi ya shekara da shekaru yana kallon ikilisiya. Aka sayo bokitin farar ƙasa don a shafe bangon. Ina tambayar kaina me Yohanna zai ce. Ina jin matar wayar ce za ta fi ba shi haushi, domin tana juya hotunan kamar masa a tanda, ba ta tsaya ta dubi hannun wanda ya zana su ba.

Ruwa ba ya tsami banza. Dattijon da ya fi kowa ɗaga murya, na san shi. Shekarar da citta ta ruɓe a ƙasa, ya bi ta bayan rumfar Yohanna, hula a hannu, yana roƙon a buɗe masa karta a ga wanda ya yi wa gonarsa asiri. Ina bayan zana ina shanya. Yohanna ya ce masa, "Baba, takarda ce da fenti. Je ka gyara hanyar ruwan gonarka." Ba zan faɗi sunansa ba, ya san kansa. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Ranar taron, bayan sujada, na miƙe ba wanda ya ba ni izini. Na ce, "Ban hana ku ba. Ni ma ban taɓa yarda da kartar nan ba, tun ba a haifi wasunku ba. Amma duk mai shafewa ya fara da nasa. Dattijo, ga mahaifinka can kusa da taga, da hannunsa a sama. Ga buroshi." Ya dubi bangon, ya dubi takalminsa. Fasto ya ce a bar maganar sai an yi addu'a a kai.

Kwalin yana ƙarƙashin gadona cikin gwangwanin da na ɗaure da roba. Ban buɗe ba, ban ƙona ba, ban kuma ba kowa aro ba. Har gobe ban ce kartar nan tsarkakakkiya ce ba. Abin da na sani, ta shiga hannun ƙanena tana ɗauke da matattun wasu, ya sauke su ya ɗora namu. Motocin da ya yi wa zane sun zama tarkace, allunan shaguna rana ta cinye su. Bangon ne ya rage.

Bokitin kuwa yana nan a ɗakin ajiya, ba a mayar ba. Farar ƙasa ba ta ruɓewa. Shi ya sa na bar bencin zumuntar mata na koma na gefe, inda ido ɗaya yake kan Istifanus, ɗaya yake kan ƙofar ɗakin ajiyar.