Ranar da Baba Ya Ƙi a Rubuta Mu

A Karantina aka haife ni, can kudancin Jidda, tun tana 'yar ruga tsakanin gishiri da bola, gari yana nesa da mu. Da ƙafa iyayenmu suka zo hajji, suna yada zango a Sudan su yi ƙodago su ƙara gaba. Da aka sauke farali guzuri ya ƙare, sai suka fasa gwangwanayen kananzir suka yi ɗakuna. Na wucin gadi ne, in ji su. A ɗakin wucin gadin nan na yi gemu.

Kowa a unguwar baɗi zai koma gida. Ba a dasa itace, ba a sa bulo. Wanda ya shafa wa ƙofarsa siminti sai dattawa su aika a tambaye shi ko ya fasa tafiya ne. Bayan la'asar kuma su tara mu a inuwar masallaci su biya mana hanya a juye, daga bakin teku har rijiyar ƙauyensu, wai kada mu ɓata. Na haddace garuruwan da ban taɓa gani ba, alhali ban san hanyar tsakiyar Jidda sosai ba.

Wata shekara ma'aikatan hukuma suka zo da teburi da babban littafi. Duk magidancin da ya daɗe ya kawo sunansa da na iyalinsa, a ba su takardar zama 'yan ƙasa. Lokacin ina dako a tashar jiragen ruwa, na kuma ga yadda ake ɗaukar mai takarda aiki, a bar mu a rana. Na durƙusa gaban Baba.

"Baba, yalla mu je. Yau ne kawai."

"Mu baƙin Allah ne," in ji shi. "In na rubuta mu a littafinsu, me zan ce wa 'yan'uwana in na koma? Na sayar da ku?"

"Yaushe za mu koma ɗin?"

"Baɗi, in sha Allahu. Halas, magana ta ƙare, tashi."

Na tashi, raina a ɓace ƙwarai. Maƙwabcinmu mai wanki shi ya je, dattawa suka daina cin tuwo da shi har wata biyu. Daga baya 'ya'yansa suka tare a unguwar Bani Malik, gida mai famfo. Mu kuwa muka shiga wahalar iƙama, takardar zaman baƙo, yau a sabunta, gobe a nemi kafili, ɗan ƙasa mai tsaya maka. Na gaji da layi tun ban yi furfura ba.

Shekaru suka ja. 'Yan'uwan da Baba yake jin kunyarsu duk aka aiko da labarin rasuwarsu ɗaya bayan ɗaya. Ƙafafunsa suka daina kai shi ko masallaci. Wata safiya ina ɗaura masa rawani, ya riƙe hannuna.

"Ɗana, mutanen nan masu teburi. Je ka tambaya ko har yanzu suna rubutawa."

Na san amsar, amma na je. Ma'aikacin bai ko ɗago kai ba. An rufe littafin nan tun tuni, ya ce.

Da na dawo na tarar da Baba zaune ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya tara jikokinsa an wanke musu fuska.

"Yaya? Da su za mu je, ko ni kaɗai?"

"Sun ce bukra, Baba. Gobe."

"To, Allah ya kai mu," ya ce. Ya juya ya ce wa yaran kada su ɓata kayansu.