Guɗar da Kaka Ta Yi wa Ladan

Wata Asabar ce, cikin hunturun shekarar da hukumar gari ta rufe laburaren unguwarmu ta Moss Side, a birnin Manchester na Ingila, ina 'yar shekara tara. Ina bayan gida ina shanya kayan jaririyarmu, yatsuna sun ƙage don sanyi, Kaka kuma tana zaune a bakin ƙofar kicin, lulluɓe da bargo, tana tsintar wake. Sai wata murya ta taso daga bayan katanga. Can ƙasa ta fara, sannan ta yi ta hawa, ta yi ta hawa, har na ji ta cikin haƙarƙarina, tattabarun kan rufi suka watse. Na tsaya riƙe da jiƙaƙƙen zane, ina ganin kamar gizagizai ma sun dakata suna saurare. Kaka ta ajiye faranti ta ce, "Takwara, wannan ladanin wane masallaci ne?"

Ba ladani ba ne. Maƙwabcinmu ne, Mista Orville, wani ƙaton mutum da iyayensa suka zo daga Jamaika, mawaƙin opera, wato wasan kwaikwayon Turawa da ake rera shi tun daga farko har ƙarshe. Amma sunan ya bi shi, Ladan muka ci gaba da ce masa. Da can a ɗakin taron laburare yake gwada murya, da aka garƙame sai ya dawo kicin ɗinsa. Darasin kiɗan da yake koyarwa a makarantarmu ma a shekarar aka soke shi. Mu dai yara gaba ta kai mu, don in muna 'yar gala-gala a lungun bayan gidaje, ko carafken da Kaka ta koya mana da tsakuwa, muryarsa ce take lulluɓe mu, cikin wani Jamusanci da ba mu jin ko kalma ɗaya. Ni kam nakan lumshe ido in ga dazuzzuka da jiragen ruwa, har a ci ni wasa ban sani ba.

Shi ya bayyana mini ta saman katanga cewa irin muryarsa ta jarumi ce: dole ta hau sama, ta yi nauyi, ta ratsa taron makaɗa ba lasifika, awa da awanni. Ba ta nuna sai mutum ya manyanta, kuma ba ta daɗewa. Ya ƙare ƙuruciyarsa a sahun 'yan amshi yana jiran ta, ga ta ta iso, ga wuraren waƙa ana ta rufewa. Tsoronsa ɗaya, kada ta wuce ba wanda ya ji ta sai tattabaru.

Na fassara wa Kaka. Ita ma tana da nata ciwon. Jegon Umma ne ya kawo ta daga Kano, inda ba a kai amarya a unguwarsu sai da guɗarta. Ranar sunan ƙanwata ta rangaɗa ɗaya, wata maƙwabciya ta kai ƙara, Abba ya yi ta ba matar haƙuri, tun daga nan Kaka ta kama bakinta. Ba ta jin Turanci, Ladan ba ya jin Hausa, amma kullum sai ta aike ni wajensa da shayin citta da kanumfari da zuma. "Ki ce masa daga ciki ake ɗauko ta, kada ya matsa wa maƙogwaro." Ya yi dariya ya dafa tumbinsa, ya ce malaminsa ma haka ya faɗa.

Da sanyi ya fara ja baya, wata ƙungiyar wasa a Birmingham ta ba shi matsayin jarumi, karon farko a rayuwarsa, kuma aka ce wasu daga Jamus za su zo sauraro. Ya ce in bai dace ba, zai rufe baki ya nemi tuƙin bas. Ya kawo mana tikiti. Abba ya so ya zille, Kaka ta ce maƙwabci ya gayyace ka, ka ce masa me? Ranar Lahadi muka je Birmingham, muka ci tuwon rana a gidan gwaggona a unguwar Small Heath, muka nufi zauren wasan, Abba yana ta jaddada cewa ba a tafi, ba a ko tari sai an gama. Kaka ta harare shi. "Injiniya, ni za ka koya wa zaman taro?"

Fitilu suka dushe, goge ya tashi kamar iska cikin dawa, sai ga Ladan cikin sulke, wallahi da ƙyar na gane shi. Na manta da Birmingham, na manta da takalmin da ke matse ni. Can wajen ƙarshe, jarumin ya dawo daga yaƙi da rauni, na kuwa san wurin da ke tafe a waƙar. Sau da yawa na ji muryarsa ta tsage a nan ta bayan katanga. Ya ja numfashi, ya hau, ya kama, ya riƙe ta har na ji kujerata tana rawa. Makaɗa suka ɗan tsagaita, zauren ya yi tsit. A cikin wannan shirun Kaka ta kama hanci ta rangaɗa guɗa, doguwa, mai kaɗawa, irin ta ƙofar ɗakin amarya.

Kawuna suka juyo. Abba ya sunkuya kamar ƙasa ta tsage ya shige. Sandar shugaban makaɗa ta tsaya a sama, Ladan kuma yana tsaye idonsa a rufe, ni ko na saddaƙar mun kashe masa rayuwa. Sai ya ɗago kai wajenmu, ya ci gaba, kuma abin da ya rage na wasan bai taɓa rera shi haka ba.

Jamusawan suka ɗauke shi. Ya yi shekaru yana jarumi a manyan zaurukansu, Kaka kuma ta koma Kano, can Allah ya yi mata rasuwa kafin in gama sakandare. Yanzu ina aikin haɗa magunguna a Birmingham, 'ya'yana kowa da abin sauraro toshe a kunnensa, gidan shiru. Bara na je Manchester gaishe da Ladan, don can ya dawo da zama. An yi masa aiki a maƙogwaro, da raɗa yake magana. Ya ce an yi masa tafi iri-iri, amma duk ranar da ya kai wurin nan a waƙar sai ya kasa kunne ko zai ji guɗar Kaka. Ya roƙe ni in yi masa ko sau ɗaya. Na kama hanci, na buɗe baki, ba abin da ya fito sai kuka. Tsakanin muryoyin nan biyu na tashi, ban ɗauki ko ɗaya ba.