Fuskar da ke Jikin Motar

Gidan taimako na cocin Katolika da ke bayan tashar jirgin ƙasa yana da mota ɗaya, fara, mai ƙofar da ake ja a gefe. Da ita ake kwaso burodin da ya kwana a gidajen gashi, da tsofaffin tufafin da mutane suka bayar. A gefen dama na motar an manna hoton wani mutum mai cukurkuɗaɗɗen gemu, ya yafa bargo mai ratsin kore, ya riƙe kofin shayi da hannu biyu. A ƙasan hoton akwai lambar wayar gidan.

Mutumin da ke cikin hoton shi ne ke tuƙa motar. A gidan kowa Direba yake ce masa, kuma ban da Sista Babba, shugabar gidan, da mai girki, babu wanda ya san shi ne a hoton.

An ɗauki hoton shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Masaƙar da yake aiki ta rufe, ya mayar da matarsa da 'yarsa gidan surukansa, ya ce zai tafi neman aiki. Shekara uku ya yi yana kwana a ƙarƙashin gada, duk lokacin da ya samu aron waya sai ya ce musu aiki ya yi yawa. Ran da ya fara shiga layin karɓar abinci na gidan, wani mai kyamara ya nemi izininsa, ya sa hannu a takarda don a bar shi ya sha shayinsa. Daga baya Sista Babba ta gano ya iya tuƙi, ta ba shi makulli da ɗaki a bayan ɗakin girki. Matarsa ta rasu ba ta san komai ba. 'Yarsa, wadda yake kira Uwata saboda sunan mahaifiyarsa gare ta, ta girma ta zama malamar makaranta, tana alfahari cewa babanta direban coci ne.

Ya aske gemu, ya yi ƙiba, ba mai haɗa shi da hoton. Abu ɗaya ne bai canza ba: ƙaramin yatsansa na hagu, wanda inji ya lanƙwasa, ga shi nan a jikin kofin, girmansa ya kai damtsen yaro. Don haka duk inda ya je sai ya jingina gefen dama da bango.

“Kai da abokinka har yanzu ba kwa magana?” mai girki takan ce idan ta gan shi yana wanke motar ya tsallake wajen.

“Shi ya fara gaba da ni.”

“To ka wanke masa fuska dai, shi ke ciyar da mu. Kai me kake kawowa ban da busasshen burodi?”

Gaskiyarta ce. Mutane da yawa da ke bugo waya don ba da taimako sukan ce mutumin jikin motar suka gani a hanya.

Sau ɗaya ya taɓa kai kukansa. Sista Babba ta saurare shi har ya gama, ta cire tabarau ta ajiye.

“Fuskarka ce, ɗana. Ka ce a cire, gobe a cire. Amma masu buga hoton za su nemi wata. Ni ba zan iya zaɓa ba. Ka fi ni sanin mutanen layin, ka nuna min wanda za a sa.”

Washegari ya bi layin tun daga ƙofa har kwanar titi. Ga tsohon tela da ke juya baya idan motar haya ta wuce, kada wani ɗan unguwarsu ya gan shi. Ga matar da ke sa takalmi mai tsini don a ɗauka aiki za ta. Duk wanda ya duba a layin sai ya ga yana da wanda yake ɓoye wa. Ya koma ya ce wa Sista a bar maganar.

A bana aka ƙara masa wurin zuwa: wata makarantar firamare ta tara kayan sanyi. Da ya ga sunan makarantar a takarda, ya ce ciwon baya ya tashi. Babu wani direba. Ranar Alhamis ya tafi.

Ƙofar makarantar ɗaya ce, kuma bangon yana hagu. Ya juya, ya sake juyawa, mai gadi na ta yi masa hannu ya tsaya haka nan. Gefen dama ya fuskanci azuzuwa. Ya fito ya cusa hannun hagu a aljihu.

Uwata ta fito rungume da kwali, tana dariya.

“Baba! Ai ni na ce a kira gidanku. Yau dai na ga motar taka.”

“Kawo, Uwata, da nauyi.”

“Da hannu ɗaya za ka karɓa?”

Ya ja ƙofar da sauri don ta rufe rabin hoton, amma ta riga ta tsaya. Ba fuskar take kallo ba, ba kuma yatsan ba. Ta ajiye kwalin a ƙasa, ta kai hannu ta taɓa gefen bargon, inda aka yi faci da jan zare.

“Mama ce ta ɗinke nan,” ta ce a hankali. “Ni na zura mata zaren a allura, ran da za ka tafi.”

Ya zaro hannun daga aljihu, tunda ɓoyon ya ƙare.

“Shekara nawa?”

“Uku.”

“Lokacin da kake cewa aiki ya yi yawa.”

“I.”

Aka kaɗa ƙararrawa. Ta ɗauki kwalin ta sa a motar da kanta, ta gyara masa wuyan riga ba tare da ta dube shi ba.

“Akwai sauran kwalaye,” ta ce. “Ba za su shiga yau ba. Sai ka dawo ranar Litinin.”

Ta koma aji. Ya rufe ƙofar, hoton ya sake haɗuwa.

Da ya isa gida layin rana ya riga ya kai kwanar titi. Ya saba zagayawa ta baya don ya samu bango. Ya daɗe hannunsa na kan sitiyari, tsohon tela na kallonsa daga cikin layi, sannan ya juya motar ya zagaya ta baya kamar kullum.