Sunan da Ban Taɓa Faɗa Ba

Ina da shekara talatin da huɗu aka ce sai na ci jarrabawar Turanci. A lokacin ina aiki a ɗakin yara na asibiti a Anka, inda ake jinyar waɗanda gubar dalma ta kama. Aikina auna yara a sikeli da lallashin iyaye mata. Likitocin da suka zo daga waje suka ce za su rage ma'aikata, za su bar waɗanda ke iya tsayawa tsakaninsu da iyaye su yi tafinta. Wanda ya faɗi, sai gida.

Gida kuwa shi ne ƙauyenmu a ƙasar Bukkuyum, inda aka riƙa niƙa dutsen zinari a tsakar gida har ƙurarsa mai dalma ta shiga jikin 'ya'yanmu. 'Yata ƙarama tana kan magani, kuma aikin nan ne ya ba mu ɗaki a Anka, nesa da wannan ƙasa. In na faɗi, can zan mayar da ita. Tun da na ji sanarwar abinci ya daina yi mini daɗi.

Na gama sakandare, amma shekara goma sha shida na aure sun wanke Turancin tas. Sai na nufi kawuna a Gummi, tsohon hedimasta ne mai faɗan tsiya. Duk ranar hutu in shiga mota in je, ya zaunar da ni a tabarma ya yi ta jefo mini tambayoyi. Rubutu bai ba ni wuya sosai ba. Magana ce matsalar, don da ya buɗe baki sai in sunkuyar da kai.

"Ke, ɗaga kanki!" in ji shi. "Mutanen ga in ba ki dube su ba, cewa su kai ba ki san komi ba. Ni dai yau ba kawunki ne ba."

Wata biyu muka yi a haka. Na haddace bayanin zazzaɓi, na gudawa, na yadda ake ba yaro magani. Har awakin maƙwabta sun sha Turancina, kuma ba su taɓa gyara mini ba.

Ranar jarrabawa muka yi rubutu da safe, bayan azahar aka fara kiranmu ɗaya-ɗaya. Ina zaune a benci ina jiran a kira ni. Wadda ta fito kafin ni ko kallona ba ta yi ba.

A ciki likita ce mace, daga cikin waɗanda suka zo daga waje, mai furfura, da agogo a gabanta. Na dube ta ido cikin ido kamar yadda kawu ya ce, ko da yake ji na yi kamar na yi wa babba rashin kunya. Ta yi murmushi ta ce ba za ta tambaye ni cuta ba, mu yi hira mai sauƙi. In ba ta labarin 'ya'yana, in fara da na fari: yaya sunansa, wane irin yaro ne.

Sai bakina ya mutu.

Ita a ganinta ta yi mini sauƙi. Ba ta san cewa a wurinmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari ba. Innarmu Bafillatana ce daga wajen Gwashi, kunyar nan a nononta muka sha ta. Ban taɓa yi masa wasa a gaban mutane ba. In zan kira shi sai in ce "kai", in zan ambace shi in ce "yaron Inna". Shekararsa bakwai jijjiga ta kama shi ya rasu, a shekarar da yara suka yi ta mutuwa a ƙauye. Ko a ranar, a bayan ɗaki na yi kukana.

Agogo yana tafiya. Na ga ta ɗauki alƙalami, na san abin da za ta rubuta: ba ta gane tambaya ba. Tsoro ya kama ni. Na tuna tsakar gidanmu, da 'yata tana wasa da ƙasa tana kai hannu baki.

Na faɗi sunan.

Daga nan magana ta ɓalle. Na ce yana son fura mai tsami, yana tsoron raƙumi, ya iya kwaikwayon tafiyar kawu. Na faɗi yadda ya rasu. Turancin duk a karye yake, na sani, amma ban tsaya ba sai da ta ajiye alƙalamin ta miƙo mini ruwa.

Bayan mako guda aka liƙa sunaye, nawa yana ciki. Muka ci gaba da zama a Anka, 'yata ta gama maganinta.

Da Inna ta zo duba mu ta ce, "To, mi anka tambaye ki?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Zancen yara ne, Inna."

Ba ta ƙara tambaya ba, ni ma ban ƙara ba. Sau ɗaya ke nan sunansa ya fito daga bakina, a gaban baƙuwa, cikin harshen da bai sani ba. Shekara bakwai yana gabana, bai taɓa jin na kira shi da sunan nan ba.