Alhaji Sule Italiya da Ajin Asabar na Xiaobei

Ina kasuwar takalma ta Liwan, a birnin Guangzhou na ƙasar Chana, da hantsi, ina duba ɗinkin wasu kaya da za mu tura Kano, sai waya ta shigo. Malam Isufu ne, mutumin Maraɗi da ke harkar aika kaya. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba. Ya ce, "Habibu, sai haƙuri. Alhaji Sule ya cika yanzu a asibiti." Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, na ajiye takalmin da ke hannuna. Mai shagon, ɗan Chana, ya dubi fuskata, ya jawo mini kujera.

Duk Xiaobei, unguwar da 'yan Afirka suka fi zama a birnin, da Alhaji Sule Italiya aka san shi, alhali bai taɓa taka ƙasar Italiya ba. Bakano ne, haifaffen Fagge. Neman abinci ya kai shi Amurka yana saurayi, ya faɗa wata unguwar Italiyawa a birnin New York, inda wani tsohon baduku mai suna Antoniyo ya ɗauke shi aiki. A shagon nan ya koyi takalmi, ya kuma tsinci yaren tsohon. A nan ne ya ji yadda aka kafa unguwar: waɗanda suka riga zuwa su ke tarbar baƙo, su sama masa ɗaki da aiki, in ya mutu su binne shi. Ya riƙe wannan har ƙarshen ransa.

Amma akwai abin da ya fi tsaya masa a rai, ya sha ba mu labarinsa. Da ciwon ajali ya kama Antoniyo, Turancinsa ya ɓace, ya koma yaren ƙauyensu. Jikansa na tsaye a kansa, bai fahimci ko kalma ɗaya ba. Sai aka aika a kira Sule. Yakan ce, "Ni Bakano, ni na yi tafinta tsakanin jika da kakansa. Kuma abin da tsohon ke faɗa bai wuce a ba shi ruwa, a buɗe masa taga ba." Daga baya fataucin fata ya kai shi Kanada da Brazil, kuma duk garin da ya sauka sai ya nemi unguwar Italiyawa. Ya ce ko'ina abu ɗaya ya tarar: gidajen abinci cike, tuta a rataye, jikoki sun watse. "Taliyarsu na nan," in ji shi, "bakin ne ya tafi."

Da wannan ido ya zo Guangzhou. Ranar da na sauka, ban san kowa ba sai sunansa. Ya zo da kansa bakin tashar jirgin ƙasa ta Xiaobei, dattijo mai furfura, ya karɓi jakata duk da na hana. Ba ya barin baƙo ya ci abincin farko shi kaɗai. Bakano ne kai ko mutumin Yamai ko na Kumasi, in dai ka iya amsa sallama, kana da wurin zama a shagonsa. In wani ya rasu ba dangi, Alhaji ne zai naɗe hannun riga ya yi masa wanka, sannan ya kira gida ya faɗa musu da bakinsa.

Ajin Asabar a gidana ya samo asali. Matata Musulma ce 'yar Chana, 'yarmu Maryam kuma makarantar 'yan gari take zuwa, ni kuwa wuni nake a kasuwa. Wata ranar salla Alhaji ya zo mana barka, sai Innata ta kira daga Kano, muna ganin juna a waya. Ta yi ta yi wa jikarta wasa irin na kaka, Maryam na murmushi tana ɗaga hannu, sai ta juyo ta tambaye ni da Sinanci me tsohuwar ke cewa. Alhaji ya ajiye cokali. Ya ce, "Habibu, na taɓa ganin wannan. Ba zan sake ganinsa ina zaune ba."

Asabar ɗin da ta biyo, ya kwashe rabin kayan shagonsa ya shimfiɗa tabarmi, ya tara yaranmu don ya koya musu Hausa. Ba shi da bulala, ba shi da allo. Tatsuniya yake yi musu, ya sa su yi ciniki da Hausa, wannan ya sayar da goro, waccan ta taya. Duk wanda ya manta ya ce "meyo", wato babu da Sinanci, sai ya tashi ya gaida kowa ɗaya bayan ɗaya. Wasu iyaye ba su ga amfanin abin ba. Malam Isufu kansa ya ce masa Sinanci da Turanci su ke kawo abinci a garin nan. Alhaji ya ce, "Gaskiya ne, Malam. Ka koya musu na neman abinci. Ni ina so su iya ce wa kakarsu sannu da jiki."

Shekarar annoba mutanenmu da yawa suka koma gida, wasu ba su dawo ba har yau. Aka riƙa cewa Xiaobei ta ƙare. Alhaji ya ci gaba da ajin ta waya. Da aka buɗe gari, mai ginin ya karɓe shagonsa, sai ya mayar da yaran falon gidansa, matarsa Hajiya Rabi ta fitar da kujerunta don su sami wuri. Na taɓa ce masa ya huta, shekaru sun ja. Ya ce, "In na huta, wa zai gaji a madadina?"

Bara Innata ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba. Na miƙa wa Maryam waya, na fita na ba su wuri. Sun daɗe suna hira. Da na dawo, Inna ta ce mini, "Ashe ina da jika." Na je na faɗa wa Alhaji, ina tsammanin zai yi murna ya yi dogon bayani. Sai ya share ido da gefen rawaninsa, ya ce, "Madalla. To, ka faɗa wa Isufu ya kawo nasa yaran biyu." Ya kuwa kawo su.

Ya bar wasiyya a binne shi a nan, kuma haka aka yi. A wurin zaman makoki wani ya kawo shawarar a dakatar da ajin har a sami malami. Kafin kowa ya amsa, Hajiya Rabi ta yi magana daga bayan labule. Ta ce, "Ɗakin yana nan, tabarmin na nan. Ranar Asabar zan buɗe ƙofa. Wanda zai zo ya zo." Malam Isufu ya dube ni, ya ce mako ɗaya shi, mako ɗaya ni. Babu malami a cikinmu, tatsuniyoyin da na riƙe ma ba su da yawa, amma na fara kiran 'yan'uwana mata a Kano suna tuna mini. Asabar ɗin da ta wuce mun zauna, ta gaba ma za mu zauna, in Allah ya yarda, har ranar da ɗaya daga cikin yaran nan zai karɓe mu.

Allah ya jiƙan Alhaji Sule, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa a ƙasar da ya zo baƙo. Yadda ya tarbi bayinka, ya Allah, ka tarbe shi da rahamarka. Allah ya ba Hajiya Rabi da 'ya'yansa na nan da na Kano haƙurin wannan rashi, ya tsaya musu, ya ba mu ƙarfin riƙe amanar da ya bari. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.