Shafi na Uku a Reshen Hausawan Sudan

Ni mutum ne mai son sanin inda ake ajiye kowane abu. Tun ina yaro, idan na shiga shagon wani ba kayan nake kallo ba, yadda ya jera su nake kallo, kuma in na ga ya haɗa sabulu da sukari a kanta ɗaya, shi ke nan na raina shi a zuciyata. Wannan halin ne ya kai ni ga aikin da ba wanda ya sa ni, ba kuma wanda ya biya ni.

Lokacin ina koyarwa a makarantar firamare ta ƙauyenmu, kudu da garin Hajj Abdalla, inda iyayenmu ke noman auduga da gyaɗa da dawa a hawasha, wato gonar da ake yanka wa manomi a filin noman rani. Duk ranar Alhamis in an tashi, sai in hau motar a-kori-kura da muke kira boksi zuwa birnin Madani, in shiga wani shagon intanet da ke bayan kasuwa. Intanet ɗin sabon shigowa ne, tafiyarsa kuwa ta jakin da aka yi wa lodi: ka danna, ka fita ka sha shayi, ka dawo hoto bai gama sauka ba. Samari suna zuwa neman hira da sakamakon ƙwallo. Ni kuwa abu guda nake rubutawa a injin bincike, ina juya shi da Larabci da Turanci da Hausa. Hausawan Sudan nake nema. So nake in ga ko duniya ta san da zamanmu.

Ba ta sani ba. In ka rubuta Hausa sai a kai ka Kano da Sakkwato da Damagaram. In ka rubuta Sudan sai a ba ka Larabawa da yaƙin kudu. Mu da kakanninmu suka taso daga Sakkwato bayan zuwan Nasara, suka zauna bakin Shuɗin Nilu, suka haƙa magudanai, suka tsinci audugar da ta tufatar da rabin ƙasar nan, ko ƙyallinmu babu. Abin ya ba ni haushi, kuma ya ba ni mamaki fiye da haushin.

A cikin wannan lalube ne na faɗa wani kundi na shafukan intanet wanda ba inji ke tara shi ba, mutane ne da hannunsu. Tsarinsa ne ya kama ni. Daidai yake da ruwan noman jiharmu ta Gezira: babbar tur'a, wato uwar magudana, ta rabu zuwa ƙanana, ƙananan su rabu zuwa 'yan magudanai, har ruwa ya isa hawashar mutum ɗaya. Ka shiga Afirka, ka shiga Sudan, ka shiga jihohi, kowane reshe da shafukansa, kowane shafi da bayani layi ɗaya wanda wani ɗan Adam ya zauna ya karanta kafin ya rubuta. Na yi ta shiga ina fita har mai shago ya tambaye ni ko lafiya. A ƙasan wani ƙaramin reshe na garuruwan Gezira na ga an rubuta cewa ba shi da edita, ana neman ɗan sa-kai.

Fom ɗin ya nemi in faɗi ko ni wane ne, in kawo shafuka uku da suka dace da reshen, in rubuta bayanin kowanne. Na ɗauki ƙamus na zauna. Na fara da sallama, na gai da wanda zai karanta, na tambayi iyalinsa da aikinsa da gajiyarsa, na yi masa addu'a, sannan na gangaro kan magana. Shafukan kuwa na yi musu kirari yadda ya kamata a yi wa abin da mutum ya sha wahala a kansa: wannan shafi ne mai albarka, ba a taɓa ganin irinsa ba, duk wanda ya shiga ba zai so fita ba. Amsa ta zo bayan mako biyu, layi biyu rak. An ƙi ni, saboda bayanaina talla ne. Ko sallama babu. Na kwashe mako guda ina faɗa wa malaman makarantarmu cewa mutanen intanet ba su da tarbiyya.

Da na huce sai na koma na karanta dokokinsu, na ga ashe suna da tasu tarbiyyar. Edita ba ya yabo, ba ya zagi, abin da ke cikin shafi kawai yake faɗa. Kuma shafi, abin da ke cikinsa ne ke nuna reshensa, ba wanda ya yi shi ba. Na sake cikawa, na busar da maganata kamar kuɓewa a rana, aka karɓe ni.

Na ji daɗin aikin nan fiye da yadda zan iya faɗa. Duk Alhamis in tarar da shafuka a layi suna jirana. Wani ya yi shafin masallatan Kamlin, wani injiniya ya zana yadda ake raba ruwa, wani ɗan kasuwa mai wayo ya turo shagonsa sau biyar da suna biyar, na gane shi ta lambar wayarsa na kore shi sau biyar. Wasu shafukan kuma sun mutu, ka ƙwanƙwasa ba kowa, sai ka share. A samana akwai wata babbar edita da ke duba aikina, ban taɓa ganin fuskarta ba, na dai san a wata ƙasa mai sanyi take, don ta taɓa cewa ƙanƙara ta hana ta fita. Ita ce mai layi biyun nan. A zuciyata na raɗa mata Gwaggo, saboda gyaranta ba wasa, amma ba ta ƙyale ka cikin kuskure.

Da na ga ƙafata ta kafu, sai na fito da abin da ya kawo ni. Na rubuta wa Gwaggo cewa ina so a buɗe reshe na Hausawan Sudan. Ta yi mamaki, ta ce ba ta taɓa jin akwai su ba, ta yi mini tambayoyi har na ji kamar na yi baƙuwa a zaure. Daga ƙarshe ta ce ba a buɗe reshe don mutane suna nan, ana buɗe shi ne don shafuka suna nan. In kawo uku masu rai, ta buɗe. In ba su kai ba, babu reshe.

Na samu biyu ba da wahala sosai ba. Ɗaya rubutun wani ɗalibi ne a ƙasar waje kan hijirar da ta kafa garin Mai Wurno. Ɗaya kuma na wani ɗanmu ne da ke aiki a Jidda, yana bayanin yadda ake yin agashe, naman nan mai ƙuli da yaji da duk Sudan ta san mu da shi. Na ukun ne ya gagara. Na shafe watanni ina tonon intanet kamar mai kalar gyaɗa bayan an gama roro, ban samu ba. Mutanenmu suna noma, suna fatauci, suna karantar da allo, amma ba wanda ya ga dalilin rubuta kansa a inda ba a ganin fuska.

Ran nan ina neman wani abu daban sai ga sunan ɗan kawuna a saman wani shafi. Taubashina ne, ya girme ni da shekaru, likitan dabbobi ne a gandun dajin Dinder, iyalinsa kuma suna Khartum. Shafin na hotunan tsuntsaye ne da ya ɗauka a bakin fadamu, gauraka da shamuwa da wasu da ban san sunansu ba, kowanne da bayani da Larabci da Turanci. Babu kalmar Hausa ko ɗaya a ciki. Na san doka sarai, wurinsa reshen tsuntsaye ne.

Amma ga yadda aka raine mu. In za a yi suna ko biki a gidanmu, mahaifiyata takan zauna a tabarma da goro da dabino, tana ƙulla wa kowane gida nasa, tana kiran dangi ɗaya bayan ɗaya tun daga ƙauyenmu har Sinnar. Ba a tambayar mutum ko yana so a kai masa. Tsallake shi ne laifi. Akwai wata innarmu da aka manta da ita sau ɗaya bisa kuskure, ta yi shekaru ba ta taka gidanmu ba. To ni da wannan kan na kalli shafin. Ina haɗa dangi a wuri guda, ga ɗan kawuna a gabana, in tsallake shi? Ban ma yi tunanin tambayarsa ba, yadda ba a tambayar mutum kafin a aika masa goro. Ba zan ɓoye ba, akwai son zuciya a ciki, don shi ne na ukuna. Na rubuta bayanin a bushe yadda aka koya mini: hotunan tsuntsayen Dinder, na wani likitan dabbobi Bahaushe, jikan masu hijira daga Sakkwato. Gwaggo ta duba, ta buɗe reshe.

Na buga shafin a takarda na kai ofishin malamai, na nuna wa duk wanda ya tsaya. Abin da ban sani ba shi ne injinan bincike daga kundinmu suke ɗaukar bayani. Duk wanda ya rubuta sunan taubashina, layina ne ke fara fito masa.

Bayan wasu watanni ya zo ƙauye ranar Juma'a, ba biki ba rasuwa. Na tare shi da tsiyar da muka saba, na ce bawana ya zo gai da ubangijinsa. Bai rama ba. Taubashin da bai rama tsiya ba kuwa, ka san ruwa bai yi tsami banza ba. Bayan an sauko daga masallaci ya ce in raka shi hawasha. Muka tsaya a kan gaɓar tur'a. Shekaru da yawa Larabci kawai nake ji a bakinsa, kamar yawancin waɗanda suka yi karatu a birni, amma ranar da Hausar iyayenmu ya yi mini magana.

"Ustaz, kai kas saka ni cikin abin ga?"

"Ni na saka ka. To mi? Ƙarya na yi maka?"

"Ba ka yi ƙarya ba. Shi ya sa niz zo da ƙahwata."

Sai ya ba ni labari. 'Yarsa ta fari tana makaranta a Khartum. A darasin kwamfuta malamarsu ta ce kowace yarinya ta rubuta sunan mahaifinta ta ga abin da zai fito. Na 'yarsa ya fito, ƙawayenta suna tsaye a kanta suna karantawa. Kafin a tashi sun fara kiran ta Fallatiya, sunan da ake haɗa mu da duk wanda kakansa ya fito daga yamma, kuma ba da daɗi ake faɗinsa ba. Yarinyar ba ta san komai game da asalinta ba. Matarsa ta sani, amma sun yi shawara tun kafin a haifi yarinyar ba za su faɗa wa 'ya'ya ba. Ya tuna mini shekarun da ya yi yana zarya neman jinsiyya, takardar zama ɗan ƙasa, ana ce masa ya kawo shaidar kakan kakansa, alhali kabarin kakanmu ga shi can bakin kogi. Ya ce ya rantse 'yarsa ba za ta tsaya a wannan layin da wannan tambarin ba.

Zuciyata ta hau. Na ce masa kakanmu ya tako daga Sakkwato zuwa nan da ƙafa, shi kuma ya kasa ɗaukar sunansa a layi ɗaya na rubutu. Na faɗa da zafi, don in ji masa ciwo na faɗa. Bai ɗaga murya ba.

"Shi ya taho ne don ɗiyanshi su samu wurin zama," in ji shi. "Ni ma abin da nika yi ke nan."

Can na tambaye shi me ya gaya wa yarinyar. Ya ce ya faɗa mata wanda ya rubuta ne ya yi kuskure. Ita kuma ta ce in dai kuskure ne za su gyara, tun ranar kuma kullum sai ta duba.

Har yau ban san ko daidai ya yi ba. Na dai san yarinya tana can tana jiran ta ga ko ubanta mai gaskiya ne, ni kuma da hannuna na jefa ta a wannan jiran ba tare da na tambayi kowa ba. Da Alhamis ta zo na je Madani, na ɗauke shafin na kai shi reshen tsuntsaye, na rubuta: hotunan tsuntsayen gandun dajin Dinder, da bayani da Larabci da Turanci. Duk gyaran da edita ya yi akwai wani ɗan akwati da zai rubuta dalili a ciki. Na daɗe ina kallonsa, sannan na rubuta cewa kuskuren edita ne. Shafuka suka koma biyu. Gwaggo ta rubuto da tausasawa fiye da yadda ta saba, ta ce dole ta rufe reshen, hijira ta koma tarihi, agashe ya koma abinci. Na ce mata na fahimta.

Bayan makonni kaɗan taubashina ya aiko mini da saƙo gajere, da Larabci. Ya ce yarinyar ta duba, ta ga an gyara, ta nuna wa ƙawayenta, ta dawo gida tana murna. Na karanta a shagon nan na bayan kasuwa, na ji baƙin cikin da ban taɓa jin irinsa ba a kan abin da ba mutuwa ba. Yarinyar jinina ce, ban taɓa ba ta ko alawa ba. Abu ɗaya da ya taɓa isa gare ta daga hannuna shi ne shaidar cewa ita ba tamu ba ce.