Jadawalin da Ila Ya Ƙi Kullewa

Ila ɗan mai gyaran agogo ne a Kurmin Mashi cikin Kaduna, kuma tun yana ƙarami bai iya ganin abu a rufe ya ƙyale ba. Rediyon gidansu ta sha kwancewa a hannunsa har ta gaji ta daina magana. Da ya girma ya sami aikin buga takardu a wani shago a Doka. Ana cikin haka maigidansa ya sayo kwamfuta, a shekarun da mutane ke leƙo ta ta taga kamar amarya. Wasu sun koyi buga wasiƙa sun tsaya nan. Shi kuwa gogan sai da ya san abin da ke cikin cikinta.

Da littattafan gwanjo ya koyi rubuta manhaja, yana aron na'urar idan ciniki ya lafa. Abin da ya fara haɗawa shi ne mai fitar da jadawalin lokutan salla da shan ruwa: ka ba ta sunan gari, ta buga maka na wata guda. Duk wanda ya zo da faifai sai ya kwafa masa kyauta, kuma a buɗe, yadda mai ilimin abin zai iya karantawa ya gyara.

Mai gyara na farko bai ma san kwamfuta ba. Malam Husaini ne, wani malamin allo a Katabu, ya zo har shago da takardar a hannu.

"Ɗana, injinka yana riga rana faɗuwa a wajenmu."

"Allah gafarta Malam, ta yaya aka gane?"

Wannan tambaya ta kai Ila Katabu magariba bayan magariba, yana tsaye a bayan gari da agogon babansa, Malam na nuna masa yadda ake duban gabas kafin a yarda rana ta tafi. Ya dawo ya gyara lissafin. Daga nan malamai da 'yan kwamfuta suka ce a kafa gidauniya mai kula da manhajar. Sai dai gidauniyar ba ta da ko kujera, shi kansa Ila bai mallaki kwamfuta ba, kuma abin nan na ci masa rai ƙwarai.

Nan Alhaji Maliki ya shigo, mai kamfanin sayar da na'urori a cikin gari, mutum mai fara'a da hannu sake. Ya yi alkawarin ofis da janareto da kwamfutoci sababbi fil. Sharaɗinsa biyu: sunan kamfani a saman kowane jadawali, sannan a kulle manhajar, ma'aikatansa kaɗai ke taɓa ta.

Ila ya shafa ɗaya daga cikin na'urorin, ransa ya biya ba kaɗan ba.

"Ranka ya daɗe, suna kam a sa shi da manyan baƙaƙe. Amma in wani malami a Gusau ya ga kuskure, wa zai buɗe masa?"

"Ya rubuto mana mana."

"Kafin amsa ta je an yi salla ƙarama."

Alhaji ya yi dariya, amma bai janye ba. 'Yan gidauniya suka rabu biyu, wasu na cewa Ila ya cika taurin kai. Malam Husaini ne ya kawo shawarar a mai da manhajar wakafi, kamar rijiyar unguwa da ba a sayarwa, ba a gado, ba a sa mata kwaɗo. Bayan la'asar, a ƙofar masallaci, gaban shaidu, Ila ya ɗaga faifan ya furta haka. Kwamfutocin Alhaji suka zauna a kwalayensu.

Ana gab da azumi sai ga jadawali mai sheƙi ya cika masallatan Kaduna, sunan kamfanin Alhaji a sama. Ashe ya tura an kwafo manhajar kamar kowa, ba sai ya ba da ofis ba, ya cire sunan Ila. Abokai suka fusata. Ila ma ya ji zafi, har ya kasa cin abincin rana. Amma halinsa ya motsa, ya zauna yana bin lambobin don ya ga wacce suka ɗauka. Tsohuwar ce, ta kafin gyaran Katabu, daga wani tsohon faifai suka kwafo.

"Bar su," in ji wani abokinsa Yakubu. "Kwana biyu da kama azumi malamai za su tona musu asiri, kowa ya san na wa ne sahihi."

Ila ya sake duban lambobin. Ya tuna mutanen da za su kai dabino baki rana ba ta gama faɗuwa ba. Ya roƙi maigidansa aron kwamfuta, ya kwafi sabuwar, ya hau kekensa zuwa kamfanin.

Alhaji ya juya faifan a hannu, ya kasa haɗa ido da shi.

"Me zan ba ka, Ila?"

"Ba nawa ba ne balle in karɓa, ranka ya daɗe. A dai sake bugawa kafin a ga wata."